Wanda Ya Yanka Bijimin Inna Barakatu

Ko man suyata bai gama zafi ba ranar Litinin ɗin nan na jiyo salatin Inna Barakatu daga can kwanar da ke yamma da gari, ta hanyar Daura. Na san ba mace ce mai ihun banza ba. Na sauke kasko, na bar ƙullun ƙosai a buɗe, na yafa mayafi na bi mutane.

Bijiminta ne kwance a gefen kwalta, farin nan mai baƙin wuya, ɗaya daga cikin shanun huɗa biyu da mijinta ya mutu ya bar mata. Ya tsinke turke ya fito cin sabuwar ciyawa, mota ta kwashe masa ƙafafun gaba. Wannan kowa ya gani ya gane. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, an juya kansa gabas an yanka shi yadda addini ya ce, jini ya tsiyaye cikin rairayi, amma ko tsoka ɗaya ba a taɓa ba. Wanda ya yi aikin kuwa babu shi, babu motarsa.

Inna Barakatu ta zauna daɓas a ƙasa tana shafa wuyan dabbar. "Ga ruwa ya sauka," take cewa, "da me zan yi huɗa? Da sa ɗaya?"

Kafin in buɗe baki in ba ta haƙuri, na ji wani a bayana ya ce, "Wa ke fita da mota da asuba a garin nan in ba Sabiru ba?" Shi ke nan, magana ta kama. Sabiru kuwa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni ce Ummukulsum, amma Kulu mai ƙosai aka fi sani. Shekarata goma sha huɗu ina suya a gindin kanyar da ke bakin titi a ƙauyenmu, Kanyar Sada, tsakanin Daura da Baure. A wannan inuwar akwai wani benci da muke kira bencin haƙuri. Tun da aka gyara titi motoci suka haukace, mai gari da ƙungiyar direbobi suka yi yarjejeniya. Jami'an kiyaye haɗurra suka kafa allo mai lamba hamsin a kowane ƙarshen gari, mu kuma muka ajiye benci. Direban da ya ratsa gari a guje, in ya dawo sai a ɗaga masa jar tuta, ya sauko ya zauna rabin awa, fasinjojinsa suna cikin mota suna yi masa ruwan masifa. Ba a karɓar ko kwabo, zama kawai. Wanda ya zauna sau uku kuwa, ƙungiya ta cire shi daga layi har abada.

Mai riƙe tutar shi ne Malam Harisu, ɗan sa-kai, mai riga ruwan ɗorawa. Mutum ne da in ya tuƙa tsohuwar akori-kurarsa sai mai keke ya wuce shi yana dariya. Ranar ba ya nan, an ce ya kai matarsa Haulatu asibiti a Daura, haihuwa ta zo da gardama.

Sabiru ya zauna a bencin nan sau biyu, ba zan ɓoye ba. A da can yaron nan in ya hau bas ɗinsa sai ka ce aljanu ne suka biyo shi. Amma shekara guda cur rabonsa da gudu, tun ranar da tsohuwarmu ta kama hannunsa tana kuka ta ce ba za ta iya binne shi ba. Wa zai tuna masa da wannan? Da ya dawo daga Daura da hantsi, jama'a suka kewaye motar, aka ga wata lotsawa a gabanta. Ciyaman na tasha, Alhaji Kabiru, ya miƙa hannu.

"Kawo makulli, Sabiru. Alhamis bayan la'asar za mu zauna a nan. In ba a samo wani ba, wannan shi ne zamanka na uku."

Sabiru ya rantse, ya sake rantsewa, har muryarsa ta dishe. Da wannan bas ɗin yake ciyar da 'ya'yansa huɗu da tsohuwarmu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na bar kaskona a hannun maƙwabciya na nufi gidan Kawu Ɗantsoho.

*

Kawu Ɗantsoho wan mahaifiyarmu ne, kuma mai bin sawu ne tun yana saurayi. In an kore wa mutum shanu, shi ake kira, ya bi su har Kwangwalam, can bakin iyaka, in ta kama. Yanzu ya tsufa, sai cin goro da gyangyaɗi a zaure.

"Kulu, ni sawun dabba na sani," in ji shi. "Mota kuma ina ruwana da ita?"

"Haba Kawu! Motar ce ta fito da wuƙa ta yi bisimilla? Ai mutum ne ya sauko."

Ya dube ni, ya yi 'yar dariya, ya jawo sandarsa.

Da muka isa kwanar, an riga an ɗauke bijimin, jama'a sun tattake wurin kamar an ci kasuwa. Kawu ya yi tsaki mai tsawo. Bai tsaya nan ba, ya hau kwalta ya bi baƙin layin da tayoyi suka ja, yana ƙirga taku a hankali.

"Arba'in da uku," ya ce. "Ga allo can yana cewa hamsin. Mai tafiya hamsin ba ya jan birki haka. Wannan ya kusa ninkawa, kuma Daura ya nufa."

"Sabiru ma Daura ya nufa," na ce.

"Na ji. Yi mini shiru."

Ya sauka can gaba, inda motar ta tsaya, wurin da ƙafar 'yan kallo ba ta kai ba. Ruwan farko ya sauka kafin asuba, ya ɗauke daidai kiran assalatu, don haka rairayin yana da danshi, ya riƙe komai. Kawu ya tsuguna ya daɗe. Sannan ya yafito ni.

"Me kika gani?"

Na duba. Sawun silifas na hagu, irin na roba da kowa ke da shi. Kusa da shi sawun ƙafar dama, tsirararta, babu takalmi, yatsu huɗu ne suka fito, ƙaramin bai taɓa ƙasa ba. Haka suka jera da faɗin taku har wajen bijimin.

"Takalminsa ne ya fita?" na tambaya.

"Da ya fita da mun gan shi. A mota ya bar shi. Akwai direbobin da ba sa iya taka totur sai sun tuɓe na dama. Wannan ya diro a guje don kada dabbar ta zama mushe, bai tsaya neman takalmi ba. Zo ki ga wani abu kuma."

Daga inda aka yi yankan, sawun ya ɗauki 'yar siririyar hanyar da ke ratsa gonaki zuwa gidan Inna Barakatu. Taku goma sha biyu. A nan ya tsaya, dunduniya ta juya ta tona ƙasa, ya koma wajen mota da gudu fiye da na farko.

"Baƙo bai san wannan hanyar ba, bai kuma san mai bijimi ba," in ji Kawu. "Ɗan gari ne. Ya tashi zuwa ya faɗa mata, wani abu ya kira shi baya."

Ya karɓi kwanon da ke hannuna, wanda na manta ban ajiye ba, ya kife shi a kan sawun ƙafar daman da ya fi fitowa, ya ɗora dutse, ya ja ƙaya ya rufe.

"Kawu, kwanon awon wakena ne fa!"

"Zai dawo. Kuma in kika gaya wa ko Sabiru abin da muka gani, na cire hannuna. Na san bakinki."

A hanyarmu ta komawa ya bi da ni ta ƙofar duk gidan da ke da mota a garin, su uku ne: na Sabiru, na Auta mai jigilar hatsi, da na Malam Harisu. A kowanne sai ya gaisa da mutanen gida yana kallon ƙasa, kamar wanda goronsa ya faɗi. 

*

Washegari gari ya tashi da sabuwar magana. An ce ai Abdulbaƙi mahauci ne ya kitsa abin don ya samu nama da araha, tunda shi aka bai wa bijimin ya feɗe ya sayar wa Inna Barakatu. Ni kam na so hakan ta tabbata, Allah ya yafe mini, don dai a bar ƙanena.

Muka same shi a rumfarsa yana wasa wuƙa. Kawu ya nemi ganin fatar wuyan. Abdulbaƙi ya jawo ta ya shimfiɗa a gabanmu, yana huci.

"Baba, duba nan don Allah! Ni Abdulbaƙi zan yi wannan yankan? Tun kakana muke fawa. Wannan ai goga wuƙa aka yi kamar ana yankan kabewa. Sau uku ya ja! A ce na yi sata ma ya fi mini sauƙi da a ce wannan hannuna ne."

"Amma ya halatta?"

"Ya halatta, jijiyoyi duk sun yanku. Mai tsoron Allah ne, amma hannunsa rawa yake. Kuma 'yar ƙaramar wuƙa ce, irin ta yanke igiya."

"Kana tuƙa mota?"

"Ko mashin goya ni ake yi."

Kawu ya sayi hanta 'yar kaɗan, muka fito. Na ce, "To, an wanke mahauci, saura ƙanena yana nan a rataye." Ya ce in na gaji in koma wajen ƙosaina.

Muka je wajen bas ɗin Sabiru, wadda tun Litinin take fake a gindin kanya. Sabiru na zaune a gefe, ya rame a kwana ɗaya. Kawu ya kankare lotsawar da farce, ya nuna mini jan tsatsa.

"Wannan lotsawar ta fi wata guda."

"Wallahi Kawu, kututture na buga a tasha tun kafin azumi," in ji Sabiru. "Na faɗa musu, ba mai saurarena. Ranar kuma babu kowa a motar, lodi na tafi nema. Na wuce kwanar nan ban ga komai ba."

"To Kawu, mu je mu nuna wa Ciyaman tsatsar mana!" na ce.

"Zai ce tsohuwar lotsawa ba ta hana sabon laifi. Kuma ni kawun yaro ne, wa zai yarda da ni? Sai abin da suka gani da idonsu."

Muna nan tsaye Malam Harisu ya sauka daga kan mashin, idonsa ja jawur na rashin barci. An samu ɗiya mace, uwa da 'ya lafiya. Muka yi masa barka. Ya ce motarsa na wajen bakanike a Daura, ta sake lalacewa, wannan kuwa ba sabon labari ba ne.

"Ashe abin da ya faru ke nan bayana," ya ce, yana kallon allon hamsin. "Ni ai tun kafin ruwa na fita, ban ga komai ba."

"Allah ya raya," in ji Kawu.

Malam Harisu ya saka rigarsa ruwan ɗorawa ya ɗauki tuta. Na ba shi ƙosai kyauta saboda barka, ya karɓa ya ajiye a gefen benci har ya huce bai ci ba. Na ce a raina gajiya ce.

*

Ranar Laraba Kawu ya sa na biya mana kuɗin mota zuwa Daura, wai zai ga Auta, wanda tun Litinin yake can yana lodin gero. A gidan gaba ya zauna, kansa a sunkuye tun daga gari har tasha. Na ɗauka barci yake, ashe ƙafar direba yake kallo.

Auta mutum ne mai ƙaton ciki da saurin fushi. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya fara sababi.

"Ni ne zan buge bijimi in gudu? Baba, motata da buhu arba'in a kai ko hamsin ɗin ba ta iya kaiwa. In na taka ta kuka take yi. Ku je ku tambayi ƙanen wannan, shi ne ɗan tsere!"

"Kai Auta, kama bakinka!" na ce. "Kai ba ka taɓa zama a bencin ba? Wa na bai wa koko bashi ranar?"

Kawu ya daka mini tsawa. Ya tambayi Auta lokacin da ya fita ranar Litinin. Auta ya ce bayan sallar asuba, ya kuma ga farin abu kwance a kwana, amma ya ɗauka buhu ne ya faɗo wa wani.

"Wa ya riga wani fita, kai ko Sabiru?"

"Sabiru. Ina alwala na ji tashin bas ɗinsa."

 Sabiru ya wuce babu komai, in ji shi, Auta ya zo bayansa ya tarar da bijimi a kwance. To wa ke tsakani? A mota muna dawowa na kasa daurewa, na yi kuka, na ce, "Kawu, in shi ne ka faɗa mini, in san yadda zan tunkari tsohuwa."

Ya ɓantari goro ya miƙo mini. "Gobe ki zo da ruwa bokiti ɗaya. Kuma ki soya ƙosai da yawa, za a yi taro."

*

Alhamis bayan la'asar gindin kanya ya cika. Mai gari a kujera, Ciyaman a gefensa yana kaɗa makullin Sabiru a yatsa, Inna Barakatu da mata a tabarma. Auta ya zo, Abdulbaƙi ya zo don ya ji wanda ya ɓata masa sana'a. Malam Harisu na tsaye bakin titi da tutarsa.

Ciyaman ya ce, "To Baba Ɗantsoho, kwana uku sun cika. Ka samo wani, ko mu yanke?"

"Ranka ya daɗe," Kawu ya ce wa mai gari, "kafin a yanke, ina so a juyo gaban motar nan kowa ya ga lotsawar da kyau. Kulu, yayyafa ruwa a nan kada ƙura ta dame mu."

Na kwarara bokitin a rairayin da ke gefen ƙofar direba, yadda ya nuna mini da sanda.

"Auta, ɗan matsa da ita gaba."

Auta ya karɓi makulli yana gunaguni, ya hau da takalminsa sau-ciki mai igiya, ya matsa da ita, ya sauko. Kawu na tsaye jikin ƙofar.

"Kash, ta yi gaba da yawa. Sabiru, dawo da ita baya."

Sabiru ya hau. Sai na ga ya sunkuya ya kai hannu ƙasa wajen ƙafarsa. Innalillahi! Na dafe kanya. Ashe kujera yake jawowa gaba, don Auta ya tura ta baya saboda cikinsa. Ya taka da silifas ɗinsa biyu a ƙafa, ya dawo da motar, ya sauko. Da ba don idon jama'a ba da na yi guɗa.

Ciyaman ya ce, "Baba, wasa muka zo yi ne?"

"Saura kaɗan, Alhaji. Har yanzu a karkace take. Waɗannan biyu duk ana zarginsu, bai kamata ma su taɓa ta ba. Malam Harisu, kai ne amintaccen kowa. Zo ka gyara mana tsayuwarta."

Malam Harisu ya jingine tuta ya zo. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Kafin injin ya kama, ƙafarsa ta dama ta zame daga cikin silifas, ta tura shi gefe, ta hau totur. Bai ma san ya yi ba. Kawu ya zura sandarsa ya ɗauko silifas ɗin, ya ɗaga shi sama.

"Kashe motar, Harisu. Sauko."

Malam Harisu ya dubi takalmin, ya dubi jiƙaƙƙen rairayin da ke jiran ƙafarsa. 

"A kwana akwai sawu a ƙarƙashin kwanon Kulu," in ji Kawu, ba tare da ɗaga murya ba. "Hagu da takalmi, dama babu, yatsu huɗu. Ka ce tun kafin ruwa ka fita, amma a ƙofar gidanka tayarka a kan ruwan ta taka, gefenta tsaf, ko ɗigo bai ɓata shi ba. Ban kuma ce kai mugu ba ne. Na ga taku goma sha biyun da ka yi zuwa gidan Barakatu. Me ya mayar da kai?"

Malam Harisu ya sauko. Ƙafarsa ta nutse a rairayi, ya ɗaga, ga yatsu huɗu. Ya tsuguna a gaban mai gari, hawaye na bin gemunsa.

"Haulatu ce ta ƙwala mini kira daga mota, ranka ya daɗe. Jini take zubarwa. Wallahi tunda nake ban taɓa taka mota kamar ranar ba. Ina shan kwana na gan shi a gabana. Na ce in na kai ta zan dawo in faɗa. Da na dawo na tarar an kama Sabiru, ga tuta na jirana. Mutum nawa na zaunar a bencin nan? Na kasa buɗe baki. Kullum sai in ce gobe."

"Kuma gudun bai kai ka da wuri ba," in ji Kawu. "Abin da ka ɓata a kan bijimin ya fi abin da ka rage."

Ni kam ban tausaya ba a lokacin, gaskiya zan faɗa. Na zaburo. "Gobe? Kwana uku tsohuwarmu ba ta ci abinci ba! Kana tsaye kana kallon yaron nan yana ramewa, har ƙosaina na ba ka na barka!"

"Kulu, ya isa," in ji mai gari.

Inna Barakatu ce ta yi magana bayan haka, kuma abin da ta fara tambaya shi ne, "Ya jikin Haulatun? Jinin ya tsaya?" Ya ce ya tsaya. Ta ce, "Alhamdulillahi. Ni dai huɗa nake so, Harisu, damina ba ta jira."

"Ina da biyu a turke, Inna. Ki zaɓi wanda kike so, naki ne. Ni zan riƙe miki garmar da kaina."

Ciyaman ya miƙe, ya ɗauko makulli ya saka wa Sabiru a tafin hannu, ya ce a gaban kowa, "Mun zalunce ka, ka yafe mana." Sabiru ya damƙe makullin.

Malam Harisu ya tuɓe rigar ruwan ɗorawa, ya ninke, ya ajiye a gaban mai gari. Ya ce bai cancanci tutar ba kuma.

"A'a, Malam," in ji Sabiru. Kowa ya juya. "Ni na yi gudu a titin nan don in riga wani lodi, a banza a wofi. Kai matarka ce ke mutuwa a bayanka. Gudun na gane shi. Shirun ne ya yi mini ciwo. In ka ajiye tuta, wa zai tsaya a rana kyauta? Auta?" Aka kwashe da dariya, Auta ya harare shi. "Ka ɗauki rigarka. Amma ga benci nan. Rabin awa na gudu, yau. Na shiru kuma kwana uku, kowace safiya, a lokacin da motoci suka fi yawa."

Mai gari ya dubi Ciyaman, Ciyaman ya gyaɗa kai. Malam Harisu ya karɓi silifas ɗinsa daga hannun Kawu, ya je ya zauna a bencin haƙuri, a daidai wurin da direbobi suka goge da zamansu. Sabiru ya ɗauki tutar ya riƙe masa.

Na daɗe ina kallonsa ina cika ina batsewa. Daga baya na zuba ƙosai mai zafi a takarda, na zabga yaji fiye da kima, na kai masa. Wannan karon ya cinye tas, yana hawaye, ban tambaye shi na mene ne ba.

*

Juma'a da safe Kawu ya dawo mini da kwanona, ya lotsa a gefe ɗaya saboda dutse. Na yi mita, ya ce in cire a cikin kuɗin aikinsa, ya zauna ya sha koko kofi biyu bai biya ba.

Daga gindin kanya ana hango gonar Inna Barakatu, shanu biyu a ƙarƙashin karkiya, fari da ja, suna jiran Malam Harisu ya gama zamansa. Shi kuwa yana kan benci, direbobi na wucewa suna rage gudu don su tabbatar da idonsu. Ban taɓa ganin an bi dokar hamsin a garin nan kamar safiyar ba.

Can sai ga bas ɗin Sabiru ta taho cike da fasinja, tsohuwarmu a gidan gaba, ta ce yau sai ta raka shi Daura ko da ba ta da abin saye. Ya zo daidai bencin a hankali, ya ɗan danna hon sau ɗaya. Malam Harisu ya miƙe tsaye ya ɗaga masa hannu biyu. Sabiru ya leƙo ta taga.

"Malam, zauna, lokacinka bai cika ba. Ranar suna dai ni zan ɗauko 'yan'uwan Haulatu daga Baure, kada ka ba wani."

Ya ja motarsa, na bi ta da kallo har ta sha kwana, ƙosaina na ƙonewa a kasko.